WA YA TAMBAYI RABI KO TA GAJI?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ƙorafi ne fal bakina, kuma a kanmu marubuta zan yi shi, ni ma ina ciki tsundum. Wadda ta ji na taka ta sai ta yi haƙuri, don kaina na fara takawa kafin na kai ga kowa. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani kira da ya shigo mini bayan sallar isha'i, daga wata baiwar Allah da ke aure a wani ƙauye can gefen Sule Tankarkar. Ban san ta ba, a bayan littafi ta ga lambata. Tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada a ji ta. Ta ce ta karanta littafina na biyu, wanda tauraruwar ciki ta daina cin abinci, ta daina barci, ta daina kwalliya, ta koma zama jugum a ƙuryar ɗaki, daga baya aka gano kishiyarta ce ta binne mata layu a gindin murhu, aka tone, ta miƙe garau a rana ɗaya.

Ta ce, "Anti, duk abin da kika lissafa ina da shi, har da wanda ba ki faɗa ba. Na nuna wa yayata littafin, ta ce ai shi ke nan an gano bakin zaren. Mun tone murhu, mun tone bakin ƙofa, ba mu ga komai ba. Na sayar da awakina biyu da ɗan kunnena an kai wa mai magani. Yanzu ko gaisuwa ba ma yi da abokiyar zamana, alhali tun da na zo gidan ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba. Ga shi har yau ina nan yadda nake. Anti, ko akwai inda ba mu tona ba?"

Wallahi na daɗe riƙe da waya na kasa cewa uffan. Ni na san yadda aka yi na rubuta wannan babi. Alamomin ciwon daga jikina na kwaso su, don na taɓa shiga irin halin bayan haihuwata ta uku. Layun gindin murhu kuwa ni na ƙirƙire su, saboda na san labarin da babu mugu a ciki ba ya tafiya a kasuwa. Ashe ciwon gaskiya na ba yarinyar mutane, na haɗa mata da maganin ƙarya, ta kuwa ɗauka duka biyun.

Daren nan ban runtsa ba. Na jawo akwatin ƙarfen da nake ajiye tsofaffin littattafai na zazzage su a tabarma, ina son in gano inda muka koyo wannan hali. Wanda hannuna ya fara kaiwa gare shi shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, tun kafin a yanke mana Jihar Jigawa daga Kano a 1991. Ina aji biyu a sakandare na fara karanta shi a nan Gumel, mu huɗu muka yi karo-karo muka karɓo haya, kowacce ta kwana da shi dare ɗaya.

Ga wadda ba ta karanta ba, labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara. Mutumin yana da hali, amma abin da yake ajiyewa na cefane ba ya kai gidan ko'ina. Ya je ya auro Delu, macen bariki, rigima ta tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta ci da su, ta tufatar da su, ta riƙe karatunsu, har 'yarta Saudatu ta auri mai arziki Alhaji Abubakar. Can alhaki ya biyo Alhaji Abdu, gobara ta cinye masa shago, dukiya ta watse, Delu ta kama gabanta. Sai kuma aka taru a kan Rabi aka matsa mata sai ta koma, ba don ranta yana so ba.

Maganar gaskiya ba mu da bakin gode wa Hajiya. A shekarun da aka yi ta cece-kuce a jaridu ana kiran rubutunmu Adabin Kasuwar Kano, ana cewa ba komai ciki sai zancen samari da 'yan mata, littafin nan ya isa amsa. Ita madafa ta shiga ta ƙirga mana kuɗin cefane. Ba ta ɗora wahalar Rabi a kan iska ko maye ba, ta nuna mana mutumin da ya jawo ta, da hularsa da sunansa. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana 'yar shekara 13, don haka ta san abin da take faɗa. Ba abin mamaki ba ne da Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Amma da na sake karanta shi yanzu, ina da 'ya'ya huɗu, sai na ga abin da idon 'yar sakandare bai gani ba. Da aka zo maganar kome, an duba mutuncin 'ya'ya, an duba idon jama'a, an tausaya wa mutumin da duniya ta juya wa baya. Ƙarfin Rabi ne kaɗai ba a ɗora a sikeli ba. Matar da ta yi shekaru tana tashi tun duku-duku tana hura wuta don baki tara, aka ƙaro mata na goma, bakin wanda ya kore ta. Littafi ya ƙare, mu kuma muka rufe muka yi ajiyar zuciya muka ce alhaki ya kama mai shi. To ita fa? Washegari wa ya tashi ya ɗora tukunya? Ni kam yanzu babin da nake nema shi ne wanda ba a rubuta ba: Rabi bayan shekara ɗaya da kome, tana zaune bakin murhu, an aurar da 'ya, miji ya dawo hannu, kowa yana cewa ta ci ribar haƙuri, ita kuwa tana jin ƙirjinta wayam kamar ƙwaryar da aka suɗe.

Ban ce laifin Hajiya ba ne. Ita ta baje zaluncin a faifai ta bar mu mu ji zafinsa, kuma ba ta ɓoye cewa Rabi ba da son ranta ta koma ba. Laifin namu ne mu da muka biyo baya. Mun ɗauki haƙurin Rabi mun yi masa kwalliya, mun zubar da ɗacin da ke ƙarƙashinsa, har ta kai yau in mace ta kawo kuka sai a ce mata ba ki karanta littafin wance ba ne, ki ga yadda mai haƙuri ta dafa dutse?

Ku duba da kyau ku gani. A littattafanmu budurwa tana da izinin ciwo. Tun daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, inda Sumayya ta faɗa rijiya saboda za a raba ta da Muhammad, muka saba da cewa in yarinya ta rame ta daina cin abinci, to so ne, kowa ya tausaya. Mu da muka biyo baya muka mayar da abin kamar karatun allo. A kwashe ta a mota sai asibiti, likita ya cire tabarau ya ce wa uban 'yarka tana da damuwa, a ba ta abin da take so. A ɗaura aure, ciwo ya bi ruwa. To ita wadda aka riga aka ba ta abin da take so fa? Wadda ta auri wanda ta zaɓa da kanta, ta haifa masa biyar, ba ya dukanta, ba ya zaginta, amma ta wayi gari tana ɗan shekara talatin da wani abu ba ta jin daɗin komai a duniya? Wannan ba ta da gurbi a shafukanmu.

Matar aure in ta shiga ƙunci a littafin Hausa, ƙofa uku muka tanadar mata. Ta farko haƙuri, ta yi ta haɗiya har shafin ƙarshe, miji ya dawo yana hawaye da makullin mota da kujerar Makka. Ta biyu asiri ko aljani, a kira malam ya yi ruƙiyya, aljani ya yi magana da bakinta ya faɗi sunan kishiya ko uwar miji, a tone laya, ta warke nan take. Ta uku hawan jini, ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jiki ya shanye ko ta mutu gaba ɗaya, don kawai miji ya yi da-na-sani. Duka ukun sai da mugu, kuma duka ukun ba ta buɗe baki ta ce na gaji. Ƙofa ta huɗu, wadda mace za ta faɗi abin da ke damunta a saurare ta, a rage mata kaya, a kai ta wurin masu ilmin abin, ta riƙa samun sauƙi a hankali, wannan ba mu gina ta ba, saboda wai ba ta da armashi, ba za a nemi littafi na biyu da na uku ba.

Illar wannan ba ƙarama ba ce, domin mace da yawa a littafi take duba fuskarta. In ta duba ba ta ga mai irin halinta ba, sai ta yanke wa kanta hukunci ɗaya cikin biyu: ko dai ita butulu ce marar godiyar Allah, ko kuwa wani ne ya yi mata. Ta farko ta ƙara shiga ɗaki ta rufe baki, ta biyu ta fara tonon murhu.

Bari mu ajiye littafi mu leƙa gidajenmu na nan ƙasar Gumel. Ɗauki mace ɗaya a Gagarawa ko Sule Tankarkar. Kaka ta wuce, maigida ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal, sai dai aike in ya samu. Ita ce surfe, ita ce kai niƙa, ita ce lissafin ruwa da itace, ga awaki, ga goyo a baya, ga wani a ciki, ga tsohuwa a ɗaki da ake jinya. In ta samu sarari ta zauna gyaran zoɓo ko riɗi don ta samu na sabulu da na makarantar allo. Ko ɗauki ta Maigatari da ke dafa abincin sayarwa, wadda duk makonta ya rataya a kan ranar Alhamis, ranar kasuwar dabbobi. Da aka rufe iyaka a 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris 2024, ga cire tallafin man fetur a 2023 da ya ɗaga farashin komai, wa ya ƙirga abin da ya faɗo a kan irin waɗannan mata? Miji in kasuwa ta ƙi yana da majalisa, ya zauna gindin bishiya ya fesar da abin da ke ransa. Ita kuwa sai dai ta kalli tukunya, tukunya ta kalle ta.

Irin wannan gajiya ba wadda barcin dare ɗaya yake maganinta ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da wahalar aiki take jawowa in ta daɗe ba a yi mata magani ba. Ta ba da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji aikin ya fita daga ransa har yana jin haushinsa, sannan aikin ya daina kyau a hannunsa. Sai dai su ma'aikata suke nufi. Da na ji haka na yi dariya na ce ashe su ma irinmu ne, ba su ƙirga uwargida ba, wadda ba ta da Asabar da Lahadi, ba ta da hutun shekara, ba ta da ranar ritaya. Amma ke da kike gida kin san alamomin nan sarai. Ke da kika yi suna da miyar kuka, yau gishiri ya zarce gobe ya gaza. Yaron da kike mutuwar so ya kira ki Umma, ki ji kamar ya buga miki guduma.

In abin ya zarce gajiya, shi ne likitoci suke kira ciwon damuwa, kuma wannan cuta ce sosai kamar ciwon suga. Yadda suke gane shi, mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, yawancin yini yana cikin ƙunci, ko abin da da yake faranta masa ya daina. Biki bai dame ki ba, kitso da lalle ba su dame ki ba, hirar tsakar gida ta zame miki surutu. Barci ya ƙi zuwa ko ki farka tsakar dare ki kasa komawa, ko kuma ki yi ta barci ba ya isar ki. Abinci ya fita ranki. Mantuwa ta yi yawa, ki shiga ɗaki ki rasa me kika zo ɗauka. Ki riƙa ganin ba ki da amfani, kowane laifi naki ne. Wata ma kuka ba ya zuwa, sai dai ta ji ta zama fanko. Wata har ta riƙa jin gara ta mutu ta huta. Hukumar ta ce ciwon ya fi kama mata fiye da maza, kuma fiye da mace 1 cikin 10 na masu ciki da masu jego suna fama da shi.

Mu kuma a nan ba kasafai muke cewa raina ne ba lafiya ba, da jiki muke faɗa. Kaina yana zafi kamar an ɗora garwashi, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu yana yi mini yawo a jiki. Sai a aika kemis a karɓo na maleriya, in bai yi ba a ce taifot ne, a yi ta allura har kuɗi ya ƙare. Duk da haka kada wadda ta ji ta gaji ta yanke wa kanta cewa damuwa ce, don akwai ciwon jiki masu kawo irin wannan kasala: ƙarancin jini, wanda ya yi mana katutu saboda haihuwa kusa-kusa, da ciwon suga, da matsalar maƙoƙo. Akwai kuma ciwon zuciyar da ke kama masu jego, wanda likitocin Zariya suka yi bayaninsa tun shekarun 1970, alamarsa haki da kumburin ƙafa da kasa kwanciya flat saboda numfashi. Shi ya sa matakin farko a je a auna.

Akwai wata tauraruwa kuma da muka zalunta a rubutunmu, wato matar aure mai shaye-shaye. A 2017 an faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, a watan Mayun 2018 kuma gwamnati ta hana shigo da maganin tarin mai kodin da sarrafa shi, bayan wani rahoton BBC. Nan da nan muka cika littattafai da 'yar gayu mai ɓoye kwalba a jaka, muka yi mata mummunan ƙarshe don ta zama darasi. Mu nawa muka tsaya muka rubuta daren farko da ta sha? Wata ba iskanci ya kai ta ba, kwana goma ta yi ba barci, ƙawa ta miƙo mata ta ce sha ki huta. Ba ina wanke shaye-shaye ba ne, halaka ne, kuma yana ƙara ciwon ne ba ya rage shi. Amma in ba mu nuna ramin da ta faɗa ba, ta bayanta ma za ta faɗa.

Na san wata za ta ce, to ke yanzu kina musun asiri da aljanu ne? A'a, ban musa ba, kuma ban ce a bar addu'a da azkar ba, su ne makaminmu. Abin da na ce, ba kowane ƙunci ne hannun mutum ba, kuma zargin baiwar Allah da abin da ba ta yi ba alhaki ne mai zaman kansa. Haka nan masu cewa mai imani ba ya shiga damuwa su yi hattara da bakinsu. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah (SAW). Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a ba marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa don zuciyarsa ta samu sanyi. Wani malamin Musulunci ma, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin ciki mai dalili da wanda yake saukar wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana bukatar magani irin na jiki. Ashe abin ba Turawa suka kawo mana ba.

Ni da na shiga nawa, wata huɗu na yi ina ɓoyewa. Da rana hidimar gida, da dare rubutu har ƙarfe biyu don mai buga littafi yana jira, ga jariri. Na wayi gari ina kallon takarda kamar ban taɓa sanin harafi ba. Ranar da abin ya fashe, maigidan ya shigo ya tarar tuwo ya ƙone ina zaune gabansa ina kallo. Allah Ya saka masa, bai yi faɗa ba, ya ce, "Maman yara, lafiya kuwa?" Na ce masa ban sani ba, ni dai na gaji. Wannan kalma ita ce farkon sauƙina. Aka auna aka ce jinina ya yi ƙasa, aka ba ni magani, da abin bai gama tafiya ba aka tura ni gaba wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage, ina cewa shi ke nan za a ce na haukace. Da na je sai na tarar da layi cike da mutane irina, malamai da 'yan kasuwa da matan aure, kowa da hankalinsa. Ƙanwar maigidan ta ɗauke mini yara biyu na wata guda, na ajiye biro na wata shida, na koma shiga maƙwabta ana hira da ni ko ban ce komai ba. Ba wanda ya tone komai a gidana.

Don haka 'yar'uwa, in kin ga kanki a abin da na lissafa, ki fara da faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, mahaifiya ko yaya ko maigida. Ki nemi a rage miki aiki da bakinki, kada ki jira a gane, don gida ya saba ganin ki tsaye. Ki je asibitin da ke kusa ko Babban Asibitin Gumel a auna jininki, kuma ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya har abin da ke ranki, ba ciwon kai kaɗai ba. In ta kama a tura ki gaba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada ki yar da shi a kwana uku, kada kuma ki daina sai likita ya ce, in kina da ciki ko shayarwa ki faɗa masa. In kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririnki yana zuwa miki, ko kuka ga mai jego ta daina barci tana sambatu tana ganin abin da ba a gani, wannan ba na jira ba ne, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a ɗaure ta ko a doke ta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce hanyar tana da sauƙi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, ga kuɗin mota, ga kuɗin magani. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma ku kwatanta kuɗin mota da awaki biyu da ɗan kunne, da zumuncin da ya tsinke a banza.

Ku kuma 'yan'uwana marubuta, na takarda da na waya, roƙona gare ku kaɗan ne. Mu daina aron alamomin ciwo na gaskiya muna liƙa musu laya. In za mu rubuta asiri mu rubuta, amma ko sau ɗaya mu bar tauraruwa ta gaji ba tare da kishiya ta zama mayya ba. Mu rubuta mijin da ya ɗauki tsintsiya, da uwar mijin da ta ce kawo yaron ki kwanta, da likitan da ya yi tambaya ya saurara. Mu rubuta sauƙin da yake zuwa yau da ɗan dama gobe da ɗan nauyi, don haka yake zuwa. Masu karatunmu ba yara ba ne, in mun ba su gaskiya za su saya.

Ita kuwa baiwar Allahn nan, washegari na kira ta da kaina. Na ce mata ƙanwata, babu inda ba ku tona ba, ni ce na ɓatar da ku, ki yafe mini. Na gaya mata abin da na gaya muku, na ce ta fara da neman gafarar abokiyar zamanta. Ta ce kunya ba za ta bar ta ba, na ce ni ma da kunyar na kira ki. Bayan wata biyu ta sake kira, ta ce maigidan ya dawo ya kawo ta asibiti, tana shan magani, wasu ranakun har yanzu da nauyi amma ta fara jin ɗanɗanon abinci. Ta ce abokiyar zaman nata ce ta karɓar mata girki duk tsawon lokacin, ita ce ma take tuna mata shan magani. Awakin dai sun tafi. Babin nan kuwa, in Allah Ya hore mini kuɗin sake bugu, sai na sake shi daga farko har ƙarshe.

Ke ma mai karatu, akwai Rabi a gidanku ko a maƙwabtanku, ƙila ma ita ta haife ki. Yau in kin gan ta zaune ta yi tagumi, kada ki ce mata ta yi haƙuri, ta riga ta fi ki sanin haƙuri. Zauna kusa da ita ki ce, Inna kin gaji ko? Sannan ki yi shiru ki ji abin da za ta ce, in kin tashi kuma ki ɗauke mata wanke-wanken.

Allah Ya yaye mana ƙuncin da muka faɗa da wanda muka kasa faɗa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana kurakuran alƙalaminmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in rai ya kai.

Taku har kullum, daga Gumel ta Lautai.